Jan Biro da Sashe na Goma Sha Huɗu

Ɗakin yana can ƙarshen baranda a maɗaba'ar gwamnati, bayan an wuce zauren injuna da ma'ajiyar takarda. Taga ɗaya gare shi, ita ma katanga take kallo. Akwai tebur guda, da kujeru biyu masu fuskantar juna, da fanka a sama wadda tsufa ya hana ta sauri, sai dai ta riƙa juya iskar ɗakin kamar mai motsa tukunya. A nan mutumin ya yi shekara talatin da ɗaya. Sunansa na yanka yana cikin fayil, amma daga mai gadi har manaja ba mai kiransa sai Jan Biro.

Aikinsa ba shi da wuyar faɗi. Idan majalisa ta zartar da doka, akawun majalisa yakan huda shafukan, ya zura koren zare, ya ƙulle, ya danna hatimi a kan ƙullin, yadda ba za a zare shafi ko a cusa wani ba sai hatimin ya fashe. Shugaban gwamnati ya sa hannu a shafin ƙarshe, a kawo maɗaba'a. Ma'aikatar da dokar ta shafa kuma ta aiko da rubutun a na'ura, masu tsara shafi su tsara, su fitar da shafin gwaji. Daga nan sai ɗakin ƙarshen baranda. Mutum ɗaya ya riƙe kwafin majalisa yana karantawa a bayyane, ɗayan ya bi shafin gwaji da ido da bakin biro. In kunne da ido suka saɓa, ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu, mai karatu ya tsaya. In shafi ya ƙare lafiya, ya rubuta a ƙasa, "Daidai da na majalisa," ya sa hannu. Ba a tayar da inji sai kowane shafi yana ɗauke da wannan.

Mai karatun mace ce, doguwa, mai farin gilashi. Rediyo suke ce mata, don muryarta ba ta hawa ba ta sauka. Dokar kiwon kaji da dokar ɗaurin rai da rai, duk murya ɗaya take ba su. Shekara goma sha tara suna zaune gaba da gaba. Ta san inda zai yi tari, ya san shafin da za ta nemi ruwa.

Ubansa tela ne, kuma a wurinsa ya gaji ido. Tun yana ƙarami yakan hango ɗinkin da ya karkace a rigar mai wucewa. Ya so ya karanta shari'a, hali bai yi ba, sai Allah ya zaunar da shi a bakin ƙofar da kowace doka take bi kafin ta fita duniya. Abin mamaki, in ka tambaye shi me dokar da ya duba jiya ta ce, ba zai iya gaya maka ba. Kalma yake gani, sai mai bi mata, sai mai bin wannan. Ma'anar kuwa takan wuce ta ƙarƙashinsa kamar ruwa ƙarƙashin gada.

Gidansa yana unguwar da ake kira Layuka, tsofaffin gidaje layi shida da gwamnati ta gina wa ƙananan ma'aikata tun kafin a haife shi. Nasa yana layi na biyu, ɗaki biyu da 'yar baranda da famfo a baya wanda ba ya kawo ruwa sai wanda ya san shi ya danna shi gefe. A nan matarsa ta haifi 'ya'yansu huɗu. Ta dasa lemun tsami a bakin taga shekarar da suka tare, har ya fi rufin tsawo.

Wata shekara gwamnati ta so filin don gina tashar mota. Ta aika wa majalisa daftarin doka, a cikinsa akwai sashe na goma sha huɗu, wanda ya ce duk mazaunin da ya kai shekara ashirin ba za a tashe shi ba sai an ba shi wani muhallin. Mutanen Layuka suka riƙe wannan sashe kamar ɗan'uwa. Mata a bakin famfo sukan ce, "Ai Sha Huɗu na nan." Ranar da majalisa za ta tafi hutun wata uku aka zartar da dokar cikin hayaniya. Washegari ministan gidaje ya shiga rediyo ya ce alkawari na nan daram. Kowa ya ci gaba da shanyarsa.

Ran Litinin da safe dokar ta iso teburin. Rediyo ta goge gilashinta ta fara. Sashe na ɗaya ya wuce, na biyar ya wuce, na goma sha uku ya ƙare. Ta ce, "Sashe na goma sha huɗu. Wannan doka za ta fara aiki daga ranar da aka buga ta."

A shafin da ke gabansa ba haka aka rubuta ba. An rubuta, "Sashe na goma sha huɗu. Duk mazaunin da ya kai shekara ashirin," da sauran layuka biyar. Abin da ta karanta yana ƙasa, an ba shi lamba goma sha biyar.

Hannunsa bai ƙwanƙwasa ba. A shekara talatin da ɗaya wannan ne karo na farko da ya ji abu ya saɓa, ya yi shiru. Ta karanta layi ɗaya, ta ƙara wani, sannan ta ɗaga kai, don kunnenta ya saba da jan biro a kan takarda, yanzu kuma ba ta ji ba.

"Malam, barci kake yi ko tunanin kuɗin cefane?"

Ya juya mata shafin. Ta karanta, ta duba nata, ta ɗaga zaren ta duba hatimin. Lafiyarsa lau. Ta san a Layuka Jan Biro yake zaune, ta kuma san shekarun da ya yi a can.

Ta ce, "Ni dai abin da ke gabana nake karantawa. Idona ba ya kan shafinka, bai taɓa zama a kai ba."

Ya gane abin da take miƙa masa: in ya bar sashen ya wuce, ba za ta tona ba. Ya dubi taga, ya dubi katangar, ya ce, "Malama, sake karanto mini daga sha uku."

Ta sake. Da ta iso wurin, ya ƙwanƙwasa tebur sau biyu.

Manaja mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya karanta shafukan biyu a tsaye, ya zauna, ya buga waya. Kafin azahar wani jami'i ya iso daga ma'aikatar gidaje, matashi mai kwat da fara'a, ya gaida Jan Biro hannu bibbiyu.

"Baba, ba kuskure ba ne, mu muka mayar da shi. Bari in gaya maka gaskiya. Sau uku 'yan majalisa suka kira minista ya bayyana gabansu, bai samu zuwa ba. Shi ne ranar ƙarshe suka soke sashen, don su kunyata shi a kan alkawarinsa. Faɗansu ne da shi, ba da ku ba. In sun dawo sun huce, su da kansu za su mayar."

"To su dawo su mayar, ɗana."

"Wata uku fa, Baba. Doka kuma ta ce in shugaba ya sa hannu, a buga cikin kwana bakwai. Da zarar an buga, kwana sittin za a ba mutane. Masu rusau suna nan sun yi layi da motocinsu."

"Shugaba a wanne ya sa hannu?"

"A mai zaren. Amma da sashen a ransa ya sa."

"Ni ba a kawo mini ransa ba. Takarda aka kawo mini."

Jami'in ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya matso da kujera.

"An ce mini a layi na biyu kake. Baba, wa aka cuta a nan? Ba mu ɗauki komai ba, ƙari muka yi, kuma na alheri. Wane ɗan majalisa ne zai miƙe gobe ya ce shi ya so a watsa tsofaffi a titi?"

Jan Biro ya zaro biron daga aljihu ya ajiye a gaban manaja. "Ranka ya daɗe, kai ne babba. Sa hannu, a tayar da inji."

Manaja ya janye hannunsa daga kan tebur. "A'a, Malam, kowa da layinsa. Wannan layin naka ne."

Ya tura wa jami'in. Shi ma ya ce ma'aikatarsu ba ta sa hannu a takardun maɗaba'a. Biron ya zauna a tsakiyar tebur, mutum uku suna kallonsa. Kowa a ɗakin yana son sashen, amma kowa yana son ya fita da sunan wani. Aka ba shi zuwa gobe da hantsi.

Ya isa gida da la'asar sakaliya. Maƙwabcinsa, tsohon direban motar asibiti da ake kira Direba, yana zaune a benci yana gyaran rediyo.

"A'a, manyan ƙasa! An buga mana Sha Huɗun ko sai mun kawo goro?"

"Ana kai," in ji shi, ya wuce.

Matarsa tana can baya wajen famfo tana wanke-wanke. Ya zauna a bakin rariya ya gaya mata komai, bai rage ba, bai ƙara ba. Ta ci gaba da cuɗa tukunya har ya gama.

"Yanzu dai, Malam, abin da na fahimta shi ne sashen yana nan a takardarka."

"Yana nan."

"Hannu kawai za ka sa."

"In rubuta daidai da na majalisa. Alhali ba daidai ba ne."

"To majalisar uwarka ce ko ubanka? Sun san da zamanka? Mutanen da suka yi fushi da wani suka huce a kanmu, su kake wa gadi?"

"Ba su nake wa ba. Su ne aka ce su yi doka. In sun yi ta da kyau, tasu ce, in sun ɓata, tasu ce, kuma akwai ranar da za a tambaye su. Wancan yaron mai kwat wa ya zaɓe shi? Yau alheri ya cusa. Ƙofar da ya bi kuwa ba za ta rufu ba. Gobe wani zai biyo ta da abin da ba za ki so ji ba, ya ce ai an saba."

"Gobe! Ni yau nake magana. Shekara ashirin da tara ina share wannan tsakar gidan." Ta watsar da ruwan wankin da ƙarfi, ya fallatsar masa a takalmi. "In an rushe, sai ka shimfiɗa mana tabarma a cikin dokar mu kwana."

Ta kawo masa abinci ta ajiye, ya ci, ta ɗauke kwanon. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Da safe bai wuce maɗaba'a kai tsaye ba. Ya hau mota zuwa majalisa, ginin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana karanta maganarsa bai taɓa taka matakalarsa ba. Hutu ake, barandu duk shiru, masu shara kawai. Ya sami mataimakin akawu, wani dattijo mai mura, ya roƙe shi ya duba ko wajen ƙulla zaren ne aka manta da shafi. Dattijon ya ɗauko littafin zama ya buɗe masa. An kawo shawarar soke sashen, an ƙirga hannuwa, masu so sun fi da uku.

"Mu ma ba mu ji daɗi ba," in ji dattijon yana share hanci. "Amma akawu ba ya ɗaga hannu. Bakin alƙalami ya riga ya bushe, sai dai su da kansu su sake jiƙa shi."

Ya koma ɗakin ƙarshen baranda. Rediyo tana zaune, kwafin majalisa a cinyarta. Ya ɗora rula a kan sakin layin, ya ja jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a miƙe, kamar yadda ubansa yake yanka yadi. A gefe ya rubuta, "Babu a na majalisa." Ya mayar da sha biyar sha huɗu. Da aka kawo sabon shafi suka sake karantawa, ya sa hannu. Ƙarfe biyu injuna suka tashi, ƙasan ɗakin ta ɗauki rawar da ta saba.

Magana ba ta kwana a maɗaba'a. Wani mai kula da inji yana da suruki a layi na biyar. Kafin mako ya zagayo Layuka duk sun ji cewa an mayar musu da Sha Huɗu, wani nasu ya sa biro ya kashe shi. Ba wanda ya zage shi a fuska. Gaisuwa ce ta gajarce. Mai tambayar iyali da aiki da gajiya ya koma "sannu" kawai. Direba ya juya bencinsa ya fuskanci ɗaya gefen. Matarsa ta daina zuwa famfon layi, ta koma fama da nasu na baya.

Aka liƙa takardar kwana sittin a kowace ƙofa. Mutanen suka haɗa kai suka ɗauki lauya, suka tafi kotu da rikodin maganar minista. Alƙaliyar ta saurare su kwana biyu. Ta ce alkawarin minista ba doka ba ne, kuma kotu tana karanta abin da aka rubuta ne, ba ta da ikon rubuta abin da majalisa ta goge. Ta ga an yi kuskure a yadda aka liƙa sanarwar, ta ƙara musu kwana talatin a kan haka. Sannan ta cire gilashi ta ce musu ƙofar da ya kamata su ƙwanƙwasa tana can inda suka aika wakilansu.

Da yammacin ranar Direba ya tsaya a barandar Jan Biro, bai yi sallama da kyau ba.

"Kai ka san yarensu. Tunda ka iya kashewa, sai ka iya rubutawa. Takardar koke muke so zuwa majalisa."

"Shigo mana."

"Daga nan ma ina ji."

Ya rubuta musu shafi ɗaya da rabi. Layukan rubutu shidan nan na sashen bai buƙaci ya duba ko'ina ba, su kaɗai ne a duk dokokin da suka bi ta hannunsa suka zauna masa a ka. Mutum ɗari da wani abu suka sa hannu. Shi ma ya sa, can ƙasa.

Majalisa ta dawo. Mutanen Layuka suka riƙa zama a matakalarta kullum, tsofaffi da lema, mata da goyo. 'Yan majalisar da suka ɗaga hannu suka fara bi ta ƙofar baya. Wakilin yankin ya gabatar da gyara. Aka yi karatu na ɗaya, aka miƙa wa kwamiti, kwamiti ya ce zai zo ya gani da idonsa, aka ɗage zuwan sau biyu. Majalisa tana tafiya da sanda, motar rusau tana tafiya da mai. Wa'adi ya cika, aka fara daga bakin titi. Layi na ɗaya ya tafi ran Talata, na biyu ran Alhamis.

Jan Biro da matarsa sun kwashe kaya tun Laraba, zuwa ɗakin baya a gidan mijin 'yar autarsu, can wajen gari. Bai je kallon rushewar ba, yana wurin aiki, suna duba dokar awon kaya a kasuwa. Matarsa ta je. Ta tsaya a tsallaken titi har ƙura ta lafa. Ta ce itacen lemon ya fi ɗakunan gardama, sai da motar ta ja baya ta sake zuwa.

Hoton layukan biyu a ƙasa ya fita a jaridu, kuma abin da koke bai yi ba a wata biyu, hoton ya yi a kwana tara. Aka dakatar da rusau, majalisa ta zartar da gyaran ba mai adawa ko ɗaya. Layi na uku zuwa na shida suna nan tsaye har yau, tashar ta tsuke a rabin filin. A cikin mazaunansu akwai masu cewa da Jan Biro ya yi shiru da ba a rasa ko bulo ɗaya ba. Akwai masu cewa da an kama sashen bogi daga baya, da duka shidan sun tafi, ba mai tausaya musu. Direba, wanda gidansa ma ya tafi, ba ya cewa ko ɗaya. In sun haɗu da Jan Biro a mota yakan matsa masa wuri.

Ranar da gyaran ya bi ta maɗaba'a ya dawo gida da wuri. Ɗakin baya ƙarami ne, akwatuna a kan akwatuna, gado ya cinye rabinsa. Matarsa tana zaune a ƙasa tana ware kwanukan da za a ajiye da waɗanda za a ba 'ya'ya. Labari ya riga shi isowa.

"An ce sun mayar da Sha Huɗu."

"Sun mayar."

"To yaushe za a ba mu namu muhallin?"

Ya zauna a bakin gado ya cire hula. "Sun rubuta, duk mazaunin da ya kai shekara ashirin, kuma yake zaune a gidan a ranar da gyaran ya fara aiki."

Ta riƙe wani murfi a hannu tana juya shi. "Mu kuma ba gidan."

"Ba gidan."

"Layi na ɗaya da na biyu duka?"

"Duka. Wakilin ya ce zai sake kai wani gyaran. Ban san yaushe ba."

"Ka duba da kyau? Ba wani ɗan layi a ƙasa?"

"Na duba."

Sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda rabonsa da ji tun suna Layuka.

"Ai na san ka duba," ta ce. "Ɗaga ƙafarka, akwatin nan ƙarƙashin gado zai shiga."

Ya ɗaga. Akwatin bai shiga ba sai da suka cire murfinsa suka jingine shi a bango.